Kama da wane ba ta wane: Abin da ya kamata ka sani kafin ka zuba kuɗinka a harkar duwatsu

In dai kana hawa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani ya riƙe dutse a tafin hannu yana juya shi a rana, dutsen na ta walƙiya, a ƙasa kuma an rubuta cewa kaya sun iso, mai buƙata ya yi magana ta WhatsApp. Wannan ya ce zinare ne, wancan ya rantse litiyam ne, wani kuma tuni ya fara lissafin abin da zai samu in ya sayar da babur ɗinsa ya shiga harkar.

To ɗan'uwa, kafin ka taɓa babur ɗin nan, ko ke 'yar'uwa kafin ki fasa adashinki, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa: mene ne ma'adini, kuma ta yaya ake gane shi? Masu sayen duwatsu daga ƙasashen waje sun san amsar, shi ya sa ba sa biyan ko sisi sai sun gwada. Mu kuwa da dukiyar take ƙarƙashin gonakinmu, sau da yawa da ido kawai muke ciniki. A wannan harka kuwa ido shi ne shaidan da ya fi kowa saurin ruɗuwa.

Dutse daban, ma'adini daban

A bakinmu duk abin da ya yi tauri dutse ne. A wurin masana ilimin ƙasa akwai bambanci. Ma'adini abu ne daskararre da ya samu a ƙasa ba da hannun mutum ba, yana da sinadaran da aka san shi da su, kuma ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa a jere suke bisa wani tsari da ke maimaita kansa. Dutse kuwa taron ma'adinai ne. Ka ɗauki ɓarin dutsen da ake fasawa a kwari domin yin kankare, ka duba shi da kyau. Za ka ga ɗigo-ɗigo fari mai kama da gilashi, da wani mai launin hoda ko madara, da wani baƙi mai sheƙi. Ma'adinai uku ke nan a dutse guda: kwaz, felsfa da maika.

Ma'adinan da masana suka tantance suka ba su suna a duniya sun kai kimanin 6,000. Amma kada adadin ya ba ka tsoro, domin 'yan ƙalilan ne suka mamaye ɓawon ƙasa. Sinadarai takwas kacal su ne kusan kashi 98 cikin 100 na nauyinsa, kuma biyu daga ciki, oksijin da silikon, sun kwashe kusan kashi uku cikin huɗu. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce kwaz, wato mafi yawan yashin da ke rafin garinku.

Sirrin yana cikin jeri

Ka tambayi kowane magini, zai gaya maka da bulo iri ɗaya ana iya gina katangar da za ta shekara hamsin, ana kuma iya jera wadda akuya za ta ture. Haka abin yake a ma'adinai.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne daimon da kuma baƙin abin nan da ke cikin fensirinka, wanda ake kira girafait. Dukansu biyu sinadari ɗaya ne zalla, wato kabon, irin wanda ke cikin gawayi. A cikin daimon kowace ƙwayar kabon ta riƙe 'yan'uwanta huɗu gam, ta kowace fuska, babu inda za a sami sassauci. A cikin girafait kuwa ƙwayoyin sun shimfiɗu ne kamar tabarmi da aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Kowace tabarma tana da ƙarfi, amma abin da ya haɗa ta da ta ƙasanta ba shi da ƙwari. Duk lokacin da ka yi rubutu da fensir, tabarmin nan ne ke zamewa suna mannewa a takarda. Sinadari ɗaya, amma ɗaya yana yanka gilashi, ɗayan kuwa ɗan firamare ke fiƙe shi da reza.

Za ka iya ganin wannan jeri da idonka a gida. Narka gishiri a ruwan ɗumi har sai ya ƙi narkewa, ka tsiyaye ruwan a faranti, ka ajiye inda ba za a taɓa ba. Bayan 'yan kwanaki ka kunna kyamarar wayarka ka jawo hoton kusa. Za ka ga ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, kamar sukarin kwali. Ba wanda ya sassaƙa su. Sodiyam da kulorin da suka haɗu suka ba da gishiri haka suke jeruwa, ɗaya bayan ɗaya a sama da ƙasa da gefe, siffar waje kuma ta bi ta ciki.

Wanda ya fara tabbatar da wannan jeri na gishiri matashi ne kamarka. A shekarar 1913 Lawrence Bragg da mahaifinsa William Bragg, a Ingila, suka yi amfani da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, suka gano yadda ƙwayoyin suke zaune. A 1915 aka ba su kyautar Nobel tare, Lawrence yana da shekara 25 a duniya.

Wannan tsari ba labarin aji ba ne kawai, yana ɗaure a hannunka. Agogon da ke aiki da batir yana da ɗan ƙaramin yankin kwaz a ciki, wanda idan lantarki ya ratsa shi yake kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Da wannan kaɗawa agogon ke ƙirga lokaci.

Tukwanen da ƙasa ke dafa ma'adinai

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ƙasa kam ta daɗe tana wannan girki, kuma tukwanenta kala-kala ne.

Tukunya ta farko ita ce narkakken dutse. A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narka dutse ya koma kamar kunu mai kauri. Idan ya fito waje ta bakin dutse mai aman wuta, yakan huce da sauri, ƙwayoyinsa su zama ƙanana har ido ba ya rabe su. Idan kuma ya maƙale a ciki ya huce a hankali cikin dubban shekaru, ƙwayoyin kan sami sukunin girma. Yawancin duwatsun da ke kewaye da Jos irin wannan ne. Jeri ne na duwatsu da ya faro daga tsaunukan Azbin a Nijar, ya ratso Damagaram, ya biyo ta Riruwai a jihar Kano har Filato da Nasarawa. Na arewa sun fi tsufa, na wajen Jos kuwa sun haura shekara miliyan 150. Su suka zo da kuza da kolambait. Tun kafin Turawa su fara haƙa a farkon ƙarni na 20, mutanen Riruwai suna narka kuza suna kai ta kasuwa, kuma a shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da kolambait a duniya.

A ƙarshen hucewar narkakken dutse akan bar wani ɗan ragowa mai ruwa-ruwa, wanda ya tara sinadaran da sauran ma'adinai suka ƙi karɓa. Wannan ragowa yakan kutsa cikin tsagogi ya daskare da manyan ƙwayoyi, wasu kamar damtsen mutum. Shi ake kira fegmatait, kuma a cikinsa ake samun litiyam ɗin da ake rububi a Nasarawa, Kaduna da Kwara, tare da tantalait da duwatsun ado irin su tomalin. Yawancin fegmatait ɗinmu ya samu ne sama da shekara miliyan 500 da suka wuce. Batirin da ke cikin wayarka da litiyam yake aiki, tantalam kuma yana cikin ƙananan kayan lantarkin da ke kan allonta.

Tukunya ta biyu ruwan zafi ne. Ruwan da ke yawo a cikin ƙasa mai zurfi yakan yi zafi ƙwarai, ya narkar da ƙarafa kamar yadda shayi ke narkar da sukari. Idan ya taso ta cikin tsaga ya fara hucewa, sai ya sauke abin da ya ɗauko. Farar jijiyar kwaz ɗin nan da masu haƙa ke bi a Anka, Maru da Birnin Gwari haka ta samu. Ka riƙe wannan da kyau: ruwan nan ba zinare kaɗai yake ɗaukowa ba. Yakan zo da dalma, da jan ƙarfe, da farar wuta, ya zube su wuri guda.

Tukunya ta uku rana ce. Idan ruwa mai gishiri ya taru a kwari rana ta ƙafar da shi, abin da ke narke a ciki ne ke saura. Gishirin Bilma da Fachi, wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa ta hamada tun kaka da kakanni, ta haka ake samunsa. Haka ma kanwar da ake jefawa a miyar kuɓewa, wadda ke fitowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga. Wani abin mamaki, fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce teku ne ya rufe yankin Sakkwato. Shi ya bar jifsam a wajen Dange da Wurno, ya kuma bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, da na Malbaza a Nijar.

Tukunya ta huɗu ita ce matsi da zafi ba tare da narkewa ba. Dutsen da aka binne da zurfi yakan sake jerin ƙwayoyinsa yana daskare. Farin dutsen siminti ya koma mabul. Shi kuwa daimon sai a zurfin kilomita 150 ko fiye yake samuwa, daga nan aman wuta mai ƙarfi ya cillo shi sama.

Ta ƙarshe kuma a gabanmu take aiki kullum, wato ruwan sama da iska. Su ke ruɓar da felsfa ya zama farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a jihar Katsina. Su ke wanke sauran sinadarai su bar ƙarfe, a sami marmara da tama, irin wadda maƙeran farko suka narka a gindin Dala. Rafi kuma yakan kwashi ɓarɓashin dutse ya tafi da mara nauyi, ya bar mai nauyi a kwana da gindin duwatsu. Shi ya sa mai wankin zinare da kwano yake juya yashi har sai mai nauyin ya kwanta a ƙasa.

Gwaji biyar da ba sa buƙatar data

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi aljihunka. Abu na farko, kada ka yarda da launi. Kwaz kaɗai yana zuwa fari, da ruwan hoda, da shuɗi-ja, da ruwan hayaƙi. Jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu irin wanda ake haƙa a Mambila ma'adini ɗaya ne, ɗan gurɓin sinadari ne kawai ya raba launinsu. Ga abubuwan da suka fi launi gaskiya.

Na ɗaya, tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kowanne yana karce na ƙasa da shi. Na 1 shi ne talk, wanda ake hoda da shi, kwaz na 7, yaƙutu na 9, daimon na 10. Farcenka yana wajen 2.5, kwalba da wuƙar aljihu wajen 5.5. Zinare mai laushi ne, bai wuce 3 ba, wuƙa na shigarsa. Amma akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ake kira fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ya fi kowane dutse yaudarar sababbin shiga. Shi taurinsa ya kai 6 zuwa 6.5. In "zinaren" da aka kawo maka ya karce kwalba, to ka mayar wa mai shi kayansa.

Na biyu, guduma. Zinare in an buge shi baje wa yake, ya yi faɗi kamar an danne tuwon madara. Fairait kuwa tarwatsewa yake ya zama gari. Su kuma 'yan filli-fillin nan masu walƙiya da ke cikin yashin rafi, in ka danna su da allura suka ɓare kamar ɓawon albasa, maika ce.

Na uku, gurza. Nemi ɓarin tayil, ka juya bayansa inda ba shi da santsi, ka goga dutsen. Zinare yana barin zane rawaya. Fairait yana barin baƙi mai ɗan kore-kore. Dutsen ƙarfe irin na tama sau da yawa ja ko ruwan ƙasa yake bari, ko da a ido baƙi ne.

Na huɗu, nauyi. Ledar fiya wata rabin kilo ce. Da za a cika ta da fairait za ta yi kilo biyu da rabi. Da za a cika ta da tsantsar zinare, sai ta haura kilo tara da rabi, domin zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19.3. Ana auna wannan da ƙaramin sikelin 'yan gwal. Ka auna dutsen ka rubuta. Sannan ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure dutsen da zare ka nutsa shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofi ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba adadin farko da na biyu. In ka sami wajen 2.6 kwaz ne, wajen 5 fairait, wajen 7 yana iya zama kuza, 8 da ɗoriya kuwa ka yi zargin tagulla ce aka goge. Ɗanyen zinare yakan faɗo tsakanin 15 da 19.

Na biyar, yadda yake fashewa. Ma'adini yakan tsage ta inda jerin ƙwayoyinsa ya fi rauni. Maika na ɓarewa shafi-shafi, gishiri na fashewa ƙananan kwalaye, kwaz kuwa kamar fasasshiyar kwalba yake karyewa.

Sai dai fa waɗannan gwaje-gwaje tankaɗe ne na farko. Akwai wani ƙarfe mai suna tangsten da nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinare, kuma 'yan damfara kan lulluɓe shi da ruwan gwal. Litiyam kuwa ba a gane darajarsa da ido sam. Kuɗinsa ya dogara ne da kason litiyam da ke cikin dutsen, kuma ko tsantsar ma'adinin da aka fi nema, sifodumin, litiyam ɗin da ke cikinsa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Buhu biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba. Kasuwar ma ba ta da tabbas, domin bayan farashin ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, a cikin 2023 ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100.

Dutsen da ya ci rayukan yara

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara. Ka tuna mun ce ruwan zafi yakan zube zinare da dalma wuri guda? A shekarar 2010 aka ga abin da hakan ke nufi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Mutane na kawo duwatsun zinare cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ƙura na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawan gaske. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu agaji suka shiga, aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana sauya ta a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Babban ma'adinin dalma shi ake kira galena. Launinsa toka-toka ne mai sheƙi kamar azurfa, yana da nauyi a hannu, ya ninka ruwa sau bakwai da rabi, yana kuma fashewa kwalaye-kwalaye. In ka ji siffar ta yi maka kama da wani abu, ba ka yi kuskure ba: shi ne dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi kamuwa. Don haka a yi hattara da ranbaɗa wa jarirai kwallin dutse. Wani lokaci ma dalmar kan ruɓe ta koma fari ko ruwan ƙasa a jikin dutse, ta yadda ba sheƙin da zai tona ta.

Ba dalma kaɗai ba ce. Ƙurar kwaz da ake shaƙa a rami ko a bakin injin niƙa tana taruwa a huhu ta taurara shi, kuma ba ta fita. Zaibar da ake kama zinare da ita, idan aka ƙona, tururinta na lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Saboda haka in kana wannan sana'a ko wani naka yana yi, dutse kada ya shigo gida, kada ya shiga injin niƙan hatsi, a jiƙa shi kafin a niƙa, a kuma sauya kaya a yi wanka kafin a ɗauki yaro.

In da gaske kake son harkar

Ba wanda ya ce ka guji ma'adinai. Arziki ne, kuma wani zai ci shi, ko da kai ko ba kai. Amma ka shiga da ido biyu. A Najeriya, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, ko da a gonar gado aka same shi. Haƙa na buƙatar lasisi, saye da ajiyewa ma haka, kuma ƙananan masu haƙa na iya haɗuwa su yi rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa. Hukumar binciken ƙasa ta NGSA tana da ɗakunan gwaji a Kaduna inda ake tantance samfuri. Kada ka yarda da takardar gwajin da mai kaya ya turo maka ta waya. Ka ɗebi samfuri da hannunka, daga sama da tsakiya da gindin buhu, ka kai da kanka.

In kuma kana shirin cike fom ɗin jami'a, ka san ana karanta ilimin ƙasa da ma'adinai a ABU Zariya, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma makarantar EMIG a Yamai. A kowane wurin haƙa, daga Nasarawa har Djado, masu riƙe da diga da shebur sun yi yawa, wanda zai ɗauki dutse ya faɗi sunansa da darajarsa shi ne ake nema ruwa a jallo.

Kafin nan, ka fara da abin da ke hannunka. Ɓarin tayil, tsohuwar kwalba, ɗan maganaɗisu da kyamarar wayarka sun ishe ka. Ka tsinci duwatsu biyar a bayan gidanku a ƙarshen makon nan, ka karce, ka gurza, ka rubuta abin da ka gani a kan kowanne.